Aikin malamai a bango: sharhi kan wani baje kolin zane a Aboabo

A cikin lungunan Aboabo, nan Kumasi, akwai wani gida da wasu masu zane da masu sana'ar hannu suka haɗa kai suka kama haya, suka mayar da shi wurin koyar da yaran unguwa da kuma wurin nuna ayyuka ga duk wanda ya ga dama ya leƙa. Abin da aka saba gani a bangonsa shi ne aikin ɗalibai, wanda ake ratayewa a ƙarshen shekara domin iyaye su zo su ga abin da 'ya'yansu suka yi. A wannan karon an sauke na yaran, an rataye na malamansu, wato mutanen da ke tsayawa a kansu kowace Asabar suna cewa wannan layi ya karkace, wancan launi ya yi yawa. Ra'ayina, tun kafin in shiga bayani, shi ne cewa baje kolin ya cancanci a je a gani, musamman ga uban da yake tunanin kai ɗansa ko 'yarsa koyon zane. Sai dai ayyukan ba daidai suke ba wajen ƙarfi, kuma akwai abubuwa a tsarin gidan da ke rage wa mai ziyara amfanin zuwansa.

Dalilin da ya sa na ɗauki wannan baje koli da muhimmanci yana da alaƙa da yadda muka gaji koyon sana'a a zango. Duk wanda zai kai yaronsa wajen tela, ko baduku, ko makanike a Suame Magazine, ba ya tambayar takardar shaida. Zuwa yake yi ya zauna a bakin shago, ya duba wuyan rigar da maigidan ya ɗinka, ya juya ta ciki da waje, ya ji abin da masu kawo aiki ke faɗa, sa'an nan ya yanke shawara. Aikin masta a fili yake, kuma yaron da ke ƙarƙashinsa yana ganin hannunsa yana motsi daga safe zuwa yamma, har ya san ranar da aiki ya ƙi shi. Makarantar boko ta zo da wani tsari daban, inda malamin zane zai iya shekara yana ba da maki ba tare da wani ɗalibi ya taɓa ganin abin da shi kansa ya iya ba. Abin da masu wannan gida suka yi shi ne mayar da malami matsayin masta: ga aikina, ku duba, ku da nake gyara wa naku. Wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne, domin yaro ɗan shekara goma sha biyu ba ya ɓoye abin da ya gani, kuma idan hannun da malam ya zana ya fito kamar ba na mutum ba, kafin la'asar duk lungu ya ji.

Kumasi kuwa ba baƙuwa ba ce ga malamin da yake koyarwa kuma yake aikinsa na kansa. Tun 1952, lokacin da aka ɗauko sashen koyar da zane daga Achimota aka kawo shi kwalejin da ta zama Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, garin yake fitar da irin waɗannan mutane. Farfesa Ablade Glover ya koyar a can shekaru masu yawa har zuwa 1994, kuma bai taɓa ajiye wuƙar da yake shafa fenti da ita ba, yana zana cinkoson kasuwanni da tashoshin mota, kafin ya koma Accra ya tsaya a kan gidan nuna zane na Artists Alliance. El Anatsui a nan Kumasi ya yi karatu, ya tafi Nsukka a Najeriya a 1975, ya koyar har 2011, kuma a cikin waɗannan shekaru na koyarwa ne ya fara haɗa murafen kwalabe da wayar tagulla suna zama manyan shimfiɗu da ake ratayewa a gidajen tarihin Turai da Amurka, har aka ba shi babbar lambar yabo ta bikin Venice a 2015. Ibrahim Mahama, ɗan Tamale, wanda ya lulluɓe gine-gine da tsofaffin buhunan koko da suka koma na gawayi, shi ma daga wannan jami'a ya fito, ya kuma koma gida ya buɗe cibiyar nuna zane ta SCCA a 2019 domin yara su riƙa shiga suna gani. A ɗaya gefen kuma akwai masu zanen allon talla na bakin titi, irin su Kwame Akoto na Suame, wanda tun shekarun 1970 shagonsa yake yaye almajirai. Duk wannan yana faruwa ne a garin da muke zaune, amma kaɗan ne daga cikinsa yake tsallakowa zuwa Aboabo, ko Asawase, ko Sabon Zango, kuma wannan giɓi ne ƙaramin gidan nan yake ƙoƙarin cikewa da abin da ke hannunsa.

Zuwa wurin ba shi da wahala ga ɗan gari. Daga kasuwar Kejetia mutum zai hau tarotaro, wato motar haya, ko firagiya mai ƙafa uku, ya sauka a babban titin Aboabo, sauran tafiyar kuma a ƙafa ce, domin lungun bai ɗaukar mota. Baƙo kuwa sai ya yi tambaya, saboda allon da ke ƙofar ƙarami ne kuma rana ta cinye rubutunsa, abin da bai dace da gidan da masu zanen allo ke koyarwa a ciki ba. Ginin irin tsohon gidan haya ne da muka sani, ɗakuna jere kewaye da tsakar gida. An fasa bangon da ke tsakanin ɗakuna biyu na gaba aka sami zaure mai ɗan faɗi, an shafe shi da farin fenti, sauran ɗakunan kuma aka bar su ajujuwa da ma'aji. Ba a karɓar kuɗin shiga. Akwai akwatin gudummawa kusa da ƙofa, da lambar tura kuɗi ta waya a manne a jikinsa. Wani saurayi daga cikin manyan ɗalibai ne ya tare ni da sallama, ya ce, "Baba, sannu da zuwa, ko in zaga da kai ne?" Tarbar ta yi, kuma yaron ya san kowane aiki da mai shi, har da lokacin da aka ɗauka ana yin sa.

Abin da ya fi komai ƙarfi a baje kolin yana bangon da ke fuskantar mai shigowa, kuma aikin dattijon malamin da ke koyar da rubutu da zayyana ne. Alluna ne na katako irin na makarantar allo, manya da ƙanana, an jera su a kan wata doguwar kanta, sai kuma takardu da aka sa a gilashi a samansu. Kowa a cikinmu ya san allon zayyana da ake yi wa yaro ranar saukar Alƙur'ani, da Fatiha da farkon Baƙara a tsakiya, da ado kewaye. Amma a wajen walima ba wanda yake tsayawa ya kalli allo da kyau. Ana ɗaga shi, a yi hoto, a mayar da shi ɗaki. A nan ne na fara samun damar tsayawa gaban allo ɗaya na tsawon lokaci. Idan aka matso kusa za a ga cewa malamin ya fara ne da raba fuskar allon gida-gida da siraran layuka, ya tayar da da'ira a kan da'ira a kusurwoyi, sa'an nan ya bi kowane gida ya cika shi da ja, ko ɗorawa, ko kore, yana barin farin katakon a wasu wurare domin ido ya sami wurin hutawa. Baƙar tawadar da ya haɗa da gawayi da ƙaro tana da ɗan ƙyalli, kuma inda alƙalamin kara ya fara shan iska kafin a sake tsoma shi, ana ganin layin ya ɗan dusashe sa'an nan ya dawo da kauri. Bai goge wannan ba, kuma ya kyauta da bai goge ba, domin ta nan ake gane cewa hannu ne ya yi, ba na'ura ba.

Hikimar da ta fi burge ni ita ce yadda aka jera allunan. Na farko layukan rabo ne kawai a kansa, na biyu an shigar da rubutu, na uku an fara launi, haka har zuwa na ƙarshe da aka kammala. Mai kallo yana tafiya daga dama zuwa hagu, kamar yadda ake karatun, yana ganin aikin yana tashi a gabansa, ta yadda ko babu mai yi masa bayani ya koyi wani abu. A ganina wannan shi ne abin da ya kamata baje kolin malamai ya kasance: aikin da yake da kyau a kan kansa, kuma yake koyarwa ko mai shi ba ya nan. A takardun da ke sama malamin ya rubuta wasu baitocin wa'azi da ajami, da hannu mai kauri irin wanda ake rubuta Alƙur'anin Warshu da shi, wanda ya bi hanyar fataken goro daga ƙasar Hausa zuwa Salaga, ya kuma gangaro Kumasi tare da mutanen da suka watse bayan yaƙin basasar Salaga na 1892. Yaran da ke karatu a makarantun da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci na gwamnati, wanda aka kafa a 1987, mafi yawansu bugun Hafsu suka sani, kuma na ga wasu daga cikinsu suna tsaye suna gardama a kan inda ɗigon fa yake da inda na ƙaf yake. Wannan gardama kaɗai ta isa hujjar rataye takardun.

Malamin zanen fenti shi ne ya fi kowa yawan ayyuka a bango, kuma shi ne na fi samun matsala da shi. Ba a kan iyawa ba, domin hannunsa a kwance yake, ya san yadda ake ɗora haske a kan baƙar fata, ya san inda inuwa take faɗawa. Matsalar ita ce abin da ya zaɓa ya zana. Yawancin kyallayensa abubuwan da muka gaji da gani ne a rumfunan da ake sayar wa masu yawon buɗe ido: mata jere da tulu a ka, masunta suna jan koma lokacin faɗuwar rana, mai kiɗa ya rungumi ganga. Mutumin da yake kwana yake tashi a Aboabo, inda babu teku, mene ne nasa da masunta? Na fahimci dalili, kuma ban raina shi ba. Irin waɗannan su ne ke da kasuwa, kuma malamin da abin da yake samu a koyarwa bai kai ya riƙe gida ba dole ya zana abin da za a saya. Amma baje kolin da aka shirya domin ɗalibai su ga malaminsu ba wurin kawo kayan kasuwa ba ne, saboda darasin da yaro zai ɗauka daga nan shi ne cewa abin zanawa yana can wani wuri, ba a ƙofar gidansu ba.

Abin da ya sa wannan ya fi ciwo shi ne cewa a can lungun zauren, kusa da taga, an rataye wani ƙaramin aikinsa wanda ya fi duk sauran. Tsakar gidan haya ne bayan an ɗauke ruwan sama. Ruwa ya kwanta a kan siminti yana nuna igiyar shanya, robobi da bokitai a jere ƙarƙashin bakin kwano kowanne da nasa launi, murhun gawayi an tura shi ƙarƙashin baranda, takalman yara a warwatse a bakin wata ƙofa da labulenta ya jiƙe daga ƙasa. Babu mutum ko ɗaya a cikin zanen, amma duk wanda ya tashi a irin wannan gida zai iya faɗin iyali nawa ke zaune a ciki, da kuma ɗakin wa ruwa ya shiga. Bangon da ke baya ya yi masa layin datti daidai tsayin gwiwa, alamar inda ambaliya ta tsaya, kuma mutanen da ke zaune kusa da rafin Aboabo ba sa bukatar a fassara musu wannan layi. Wata dattijuwa da muka tsaya tare a gabansa ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta juya ga saurayin da ke zagawa da mu ta ce, "Yaro, wannan ai gidanmu ne." Ya ce, "Mma, kowa ya zo haka yake cewa." Da ni ne mai tsara baje kolin, da wannan zane na sa a tsakiyar bango, in mayar da masunta ma'aji.

Malamar da ke koyar da rini ta kawo zannuwa masu tsawo da aka sako daga rufi zuwa ƙasa, wasu na rinin ɗauri, wasu na kakin kyandir. Ayyukanta sun tsaya a wani wuri mai ban sha'awa, tsakanin abin da ta gada da abin da ta tarar a ƙasar Asante. A wani zane ta buga alamomin adinkira na gargajiyar Asante, irin waɗanda ake bugawa a garin Ntonso da hatimin da aka sassaƙa daga ƙwarya, amma a tsakaninsu ta shigar da dagi da kuma siffar aska irin ta gaban babbar riga, duk a kan shuɗi mai duhu. Haɗin bai yi kama da tilas ba, domin ta kula da girman kowace alama da tazarar da ke tsakani, har mutum ya ɗauka tun asali tare suke. Wannan shi ne halin ɗan zangon Kumasi, wanda yake ciniki da Turanci da Tuwi a kasuwa ya dawo gida ya yi Hausa, kuma ban taɓa ganin an nuna shi a kan tufa da irin wannan natsuwa ba. Inda na ga rauni shi ne a wasu zannuwa biyu da launin ya zarce iyakar kakin ya ɓata gefen alama, kuma ba irin zarcewar da ake yi da gangan ba ce. Mai koyar da rini ya kamata ta fi kowa sanin cewa ɗalibanta za su lura. Duk da haka, ita ce kaɗai ta ajiye kayan aikinta a kan tebur kusa da zannuwan, hatimai da zare da ɗan kaskon narkar da kaki, ta kuma yarda a taɓa, kuma nan ne 'yan mata suka fi taruwa.

Sauran ayyukan ba sa bukatar dogon bayani. Badukun gidan ya kawo gafaka, da kube, da matasan fata, ja na karan dafi da baƙi, ɗinki mai tsafta wanda ba a ganin inda basilla ta kauce. Aiki ne na gwani, sai dai an jibge su a kan tebur ɗaya kamar a rumfar kasuwa, ba a ba kowanne sararin da za a gan shi ba. Wani matashin malami kuma ya haɗa siffar doki da mahayinsa daga tarkacen ƙarfe da sanholo da ya tsinto wajen masu gwangwan na Akwatia Line. Yara suna sonsa ƙwarai, kuma wuyan dokin ya fito da rai, amma ƙafafun baya ba su ɗauki nauyin jikin ba, har sai da aka tokare shi da katako. Hotunan da mai koyar da ɗaukar hoto ya kawo na ranar Sallah suna da kyau, amma an wanke su ƙanana, an kuma rataye su sama da inda idon yaro zai kai.

Akwai wata magana da ba a iya kauce mata a unguwa irin tamu, wato hukuncin zana abu mai rai. Iyaye da yawa ba sa son ɗansu ya zana mutum ko dabba, wasu kuma suna bambanta zane a takarda da mutum-mutumi mai inuwa, kuma malamanmu sun yi bayanai a kan haka waɗanda ba wurin kawo su ba ne a nan. Abin da ya shafi wannan sharhi shi ne yadda gidan ya bi da lamarin, kuma a ganina ya bi da shi da hankali. Zauren farko an keɓe shi ga rubutu, da zayyana, da rini, da fata, ta yadda wanda ba ya son ganin siffa zai iya shiga ya kalla ya fita. Zanen mutane da dokin ƙarfe suna ɓangaren ciki. A wajen rajista ma ana tambayar uba ko uwa irin ajin da suka amince yaro ya shiga, kuma ba a yi wa kowa wa'azi ta kowace fuska. Wani zai ce wannan rarrabawa ta rage wa baje kolin haɗin kai, kuma gaskiya ne ta sa an ajiye wasu ayyuka nesa da waɗanda suka dace su yi maƙwabtaka da su. Amma gidan da yake son limamin lungu da mai sayar da koko su turo 'ya'yansu ba shi da wata hanya da ta fi wannan.

Tun da malamai ake nunawa, ya kamata a faɗi wani abu game da koyarwar kanta, wadda ake yi a tsakar gida yayin da baje kolin yake gudana a zaure. Ajin da na tarar na ƙananan yara ne, suna zaune a kan benci da tabarmi, an ajiye musu buta da lemo a kan kujera su zana. Malamin fentin nan da na soki zaɓinsa shi ne a kansu, kuma dole in ce a aji ya fi yadda yake a bango. Ba ya karɓar fensir daga hannun yaro ya gyara masa. Durƙusawa yake yi daidai tsayin yaron, ya ce ya rufe ido ɗaya, ya miƙa fensir ya auna tsawon butar da faɗinta, sa'an nan ya tambaye shi wanne ya fi. Wata yarinya ta zana bakin butar a tsakiya, alhali daga inda take zaune a gefe yake. Bai ce mata ta yi kuskure ba, sai ya ce ta nuna masa bakin da yatsa, ta nuna, ta dubi takardarta, ta ɗauki abin gogewa da kanta. Mutumin da ya iya koya wa yaro ya zana abin da idonsa yake gani, ba abin da ya ɗauka yana nan ba, shi ne ya cika bango da masuntan da bai zauna da su ba, kuma ina fata wani daga cikin abokan aikinsa zai gaya masa haka.

Amfanin wannan aji ga iyaye ba na nishaɗi kaɗai ba ne. Tun sabon manhajin da aka shigo da shi a 2019, fasahar ƙirƙira darasi ce a makarantun firamare, kuma yanzu tana cikin darussan da ake rubutawa a jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare, amma makarantu da yawa a unguwanninmu ba su da malamin da ya karanci fannin, balle fenti da takarda. Haka kuma tun da aka fara karatun sakandare kyauta a 2017, yaran zango da yawa suna samun kansu a sashen zane ba tare da sun taɓa riƙe buroshi ba, kuma a wajen wasu iyaye wannan sashe na waɗanda makinsu bai kai ba ne. Kuɗin da gidan yake karɓa a wata bai fi ƙarfin mai ƙaramar sana'a ba, kayan aiki suna ciki, kuma an gaya mini ana ɗauke wa marayu. An kuma tsara lokacin ajin yadda ba zai ci karo da makarantar Islamiyya ta safiyar Asabar ba, wanda ya nuna cewa masu gidan sun san unguwar da suke ciki.

Kurakuran tsari kuwa suna da yawa, kuma mafi yawansu ba kuɗi suke bukata ba. Na farko shi ne takardun bayani da ke gefen kowane aiki, waɗanda aka rubuta da Turanci kaɗai, Turancin ma irin na jami'a, cike da kalmomin da ko mai digiri sai ya sake karantawa. A gidan da malamin ajami yake koyarwa, a unguwar da ake kwana ana tashi da Hausa, ban ga abin da ya hana a ƙara layi biyu da Hausa, ko da boko ko da ajami, da kuma Tuwi domin maƙwabta ba. Dattijuwar da na ambata ba ta karanta ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma da saurayin bai kasance a wurin ba, da ta fita ba ta san wanda ya zana gidansu ba. Haske ma matsala ne. Tagogin zauren ƙanana ne, fitilun kuma a tsakiyar rufi suke, saboda haka gilashin da ke kan takardun ajami yana mayar wa mutum da fuskarsa maimakon rubutun, kuma idan aka ɗauke wuta ɓangaren ciki yana duhu har da rana tsaka. Ƙasan bango ɗaya yana da danshi, abin da ke da haɗari ga takarda da fata a garin da damina take zuwa sau biyu a shekara. Ba a rubuta farashi a kan komai ba, alhali yawancin ayyukan na sayarwa ne, kuma mutumin zango yana jin nauyin tambayar kuɗin abin da yake tsoron ya fi ƙarfinsa, sai ya yi shiru ya wuce, ko da a aljihunsa akwai abin da zai sayi ɗan ƙaramin allo. Lokacin buɗewa da aka rubuta a ƙofa kuma ba a cika kiyaye shi a ranakun aiki ba, domin malaman duk suna da wasu wuraren neman abinci.

Wanda yake son ganin masu sana'a da yawa a wuri ɗaya, masaƙan kente da masassaƙa da maƙeran tagulla, Cibiyar Al'adu ta Kumasi, wadda Dakta Alex Kyerematen ya assasa a shekarun 1950, tana nan kusa da Kejetia, kuma ƙaramin gidan Aboabo ba zai yi gasa da ita ba ta fuskar girma ko yawan kaya. Haka nan wanda yake neman sabon salon da ɗaliban jami'a suke yi, sai ya bi nune-nunen blaxTARLINES, ƙungiyar masu zane ta jami'ar. Wannan gida na uban da yake son ya ga hannun malami kafin ya miƙa masa ɗansa ne, da malaman makarantun unguwa da aka ɗora wa darasin zane ba tare da horo ba, da kuma duk wanda ya taɓa riƙe allon zayyana bai tsaya ya kalle shi ba. Lokacin da ya fi dacewa a je shi ne Asabar bayan azahar, sa'ad da malaman suke nan, aji yake gudana, kuma hasken rana yake shiga ta tagar yamma ya sauka a kan allunan. Wanda yake da niyyar saye ya tambayi mai aikin kai tsaye, domin ɗaliban da ke tsaron zaure ba a ba su ikon yin ciniki ba.